Yadda ake zaɓar lasifika da amfilifaya don babban zaure

Duk wanda ya taɓa zama a sahun baya wurin tafsiri ko walimar sauka a wani babban zaure a Nima ko Mamobi, cikin birnin Akra, ya san abin da zan faɗa. Malam yana magana, lasifika na ruri kamar za ta ɗage kwanon rufi, amma kalma ɗaya ba ka kamawa. Na gaba sun toshe kunne, na baya suna tambayar juna, "Me ya ce?" Wata rana bayan an tashi daga taro wata dattijuwa ta tare ni ina naɗe waya, ta ce, "Ɗana, ƙara dai mun ji ta, amma karatun bai iso mu ba." Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne." Kuma laifin namu ne, domin a ranar mun ɗauko kayan da suka fi ƙarfin ɗakin, muka jibge su duka a gaba.

Idan kwamitin masallaci ko na makaranta suka kira ni, tambayar farko kusan kullum ɗaya ce: "Malam, wat nawa za mu saya?" Ni kuma amsata ɗaya ce: "Alhaji, mu je mu ga ɗakin tukuna." Wat shi ne abu na ƙarshe da ake lissafawa, kuma wanda ya fara da shi yakan sayi kaya sau biyu.

Ka fara da awon ɗakin, sannan ka tafa hannu

Ka ɗauki tef ka auna tsawo, faɗi da tsayin silin. Ka rubuta inda ginshiƙai suke, inda mata suke zama, ko akwai bene, da irin abin da aka yi ƙasa da bango da shi. Bayan haka ka sa a kashe fankoki, ka tsaya a tsakiya, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ka saurara. Idan tafin ya mutu nan take, ka yi sa'a. Idan ka ji yana yawo yana jan jela har daƙiƙa 3 ko 4, to babbar matsalarka amsa-kuwwa ce, kuma babu amfilifayar da za ta magance ta. Ƙara ƙarfi a irin wannan ɗaki ƙara hayaniya ne kawai.

Wannan ilimi ba na yau ba ne. A shekarar 1895 jami'ar Harvard ta Amurka ta ba wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani ɗakin lacca da ba a jin magana a cikinsa, inda kalma take yin fiye da daƙiƙa 5 tana yawo. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da daddare yana jerawa, yana auna lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya ɓace. Daga nan ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi: a ninka girman cikin ɗakin da 0.161, a raba da yawan abin da ke shanye sauti.

Mu ɗauki zaure mai tsawon mita 30, faɗin mita 15, tsayin mita 6, irin wanda ake yawan gani a makarantun Islamiyya da zaurukan biki. Girman cikinsa, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, mita kubik 2,700 ke nan. Idan ƙasa tayil ce, bango filasta, to wofinsa amsa-kuwwar za ta iya kaiwa daƙiƙa 5 ko 6. Shimfiɗa kafet mai kauri a ƙasa kaɗai kan rage ta zuwa ƙasa da rabi. Labule mai nauyi a bangon baya, wanda aka bar shi da ninki ba a miƙe shi sumul ba, ya ƙara ragewa. Mutane ma suna shanye sauti, shi ya sa masallacin da ya cika ranar Juma'a ya fi daɗin ji a kan lokacin Asuba. Abin da ake nema don magana shi ne kusan daƙiƙa 1 zuwa 1.5. Na sha gaya wa kwamiti su cire kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kayan su sayi kafet da labule, su ga kamar na kauce hanya, sai daga baya su gane. Ƙubba kuma, irin mai kyan nan ta babban masallacin ƙasa da ke Kanda, tana da nata hali: kowane lanƙwasasshen rufi yana tattara sauti ya mayar da shi wuri guda. Idan ginin ku na da ƙubba, kada a saita bakin lasifika ya kalle ta.

Sai ka tsayar da abin da za a riƙa yi a ɗakin. Huɗuba da karatu ne kaɗai? Ko har da ƙasidun Mauludi, ganguna da kiɗan biki? Magana tana wadatuwa da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 75 zuwa 80 a kunnen na baya, matuƙar ta ɗara hayaniyar fanka da ta jama'a da kamar desibel 10 zuwa 15. Kiɗa yana neman 90 zuwa 95, kuma yana neman bas, wato kakkauran sautin ƙasa.

Lambar da ta fi wat muhimmanci

A bayan kowace lasifikar kirki, ko a takardarta, akwai wata lamba da ake rubutawa kamar haka: 97 dB, 1W/1m. Ma'anarta, idan aka ba ta wat 1 tak, wanda ya tsaya mita 1 daga gabanta zai ji desibel 97. Wannan ita ce kaifin lasifikar, wato yadda take juya wuta zuwa sauti. Lasifikokin falo na gida galibi suna tsakanin 85 da 90. Na taro suna tsakanin 95 da 100.

Akwai ƙa'idoji uku da ya kamata su zauna maka a kai. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kacal, abin da kunne zai ji kamar ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninku, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ninki goma. Sannan duk lokacin da nisa ya ninku, sautin da ke fitowa kai tsaye daga lasifika yana raguwa da desibel 6.

To mu gwada. Lasifika mai lamba 97, mai sauraro yana mita 16. Daga mita 1 zuwa 2, zuwa 4, zuwa 8, zuwa 16, nisa ya ninku sau huɗu, an rasa desibel 24, saura 73 a wat 1. Kana son 90, kana buƙatar ƙarin 17, wanda yake daidai da wat 50. Sai ka bar sarari na desibel 10 saboda lokacin da mai ƙasida zai ɗaga murya ko ganga ta faɗo, ya zama wat 500. Yanzu ka canja lasifikar da mai lamba 87, ka sake lissafin: wat 5,000 kake nema don aiki ɗaya, kuma babu lasifikar falo da za ta ɗauki wannan ba ta ƙone ba. Ka ga ke nan bambancin desibel 10 a jikin takarda ya fi duk wata gardamar wat da ake yi a kasuwa.

A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka tsanani ba, saboda bango na mayar da sauti. Amma sautin da bango ya mayar shi ne wanda ke cakuɗa magana. Wanda kake so ya isa kunne shi ne na kai tsaye, don haka da shi ake lissafi.

Biyu manya a gaba, ko huɗu a rarrabe?

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma a nan zan daɗe. Zauren namu mita 30 ne. Idan ka ce lasifika biyu na gaba su kai desibel 90 har sahun ƙarshe, to wanda ke zaune mita 2 daga gabansu zai sha wajen desibel 114. Wannan cutarwa ce. Ma'aunin da masana lafiyar kunne ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A 100 minti 15 ne kawai. Kuma su wa ke zama a sahun gaba? Malamai, dattawa, da yara 'yan makaranta.

Mafita ita ce a raba aikin. Biyu a gaba su ɗauki rabin farko, wasu biyu a tsakiyar zauren, wajen mita 15, su ɗauki rabin baya, dukkansu suna kallon baya, ba masu kallon juna. Kowace ta yi aiki a hankali, kowa ya ji a kusa da shi.

Sai dai akwai sharaɗi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, a zafin Akra ma ya ɗan fi haka kaɗan, wato yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita (milisakan 1,000 ne daƙiƙa ɗaya). Wuta a cikin waya kuwa nan take take isa. Don haka mutumin baya zai fara jin lasifikar tsakiya, bayan milisakan 43 ko 44 kuma ta gaba ta iso shi da kalmar da ya riga ya ji. Abin da ke sa ka ji kamar liman biyu ke karatu ke nan. Maganinsa a sa wa lasifikokin tsakiya jinkiri. Ka ninka nisan da ke tsakaninsu da 2.9, sannan ka ƙara milisakan 10 a kai. A misalinmu kusan 54 ke nan. Ƙarin goman nan yana da dalili. Wani Bajamushe, Helmut Haas, ya nuna a bincikensa na 1949 cewa kunne yana ɗaukar inda sauti ya fara isowa a matsayin inda mai magana yake. Idan na gaba ya riga iso da ɗan kaɗan, mutumin baya zai ji kamar muryar daga mumbari take fitowa, alhali lasifikar da ke saman kansa ce ke yin aikin. Ana samun wannan jinkiri a na'urar sarrafa lasifika irin su dbx DriveRack ko Behringer DCX2496, kuma yawancin miksa (na'urar haɗa sauti) na zamani masu allo suna da shi a ciki.

Ka ɗaga su sama da kan mutane, mita 3 ko fiye idan silin ya ba da dama, ka karkato bakinsu ƙasa ya kalli daidai kashi biyu cikin uku na tsawon wurin da za su rufe. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa ko kan tebur, sahun farko ne ke shanye kaifin muryarta, na baya su samu gunaguni. Ka duba faɗin bakinta a takarda, za ka ga kamar 90° × 60° ko 90° × 40°. A ɗaki mai amsa-kuwwa, mai ƙunƙuntar watsawa sama da ƙasa ta fi, don ba ta zuba sauti a silin. Shi ya sa dogayen siraran lasifikokin nan masu kama da ginshiƙi suke dacewa da masallaci. Maƙalar ƙarfe kuma a ba maƙerin da ya san aikinsa, a ɗaure ta da ƙusoshi masu shiga kankare, a ƙara sarƙa ta biyu. Akwati mai kilo 25 a saman kan masallata ba abin wasa ba ne.

Babban akwatin bas mai inci 18, idan magana ce kaɗai, kada ku saya. Idan da kiɗa, ɗaya ko biyu a ƙasa ta gaba, a raba masa sautin da ke ƙasa da hez 80 zuwa 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti).

Wanda kuma babban falon gidansa yake so ya shirya don sauraron ƙira'a ko waƙa, ƙa'idar ba ta canja ba. Ya nemi dogayen lasifikoki masu lamba 90 ko sama, ya jawo kujerarsa kusa, ya sa nisan da ke tsakanin lasifikokin biyu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kujerar, ya shimfiɗa kafet a tsakani. Ba dole sai ya cika falon duka da sauti ba.

Yanzu ne aka zo kan amfilifaya

Ka nemi lambar da aka rubuta RMS ko Continuous a jikin lasifika, wato wat ɗin da take iya ɗauka a kai a kai. Wadda aka rubuta PMPO, mai dubbai a jikin kwali, ka yi kamar ba ka gan ta ba, ado ce ta talla. Amfilifayar da ta dace ita ce mai ba da ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na RMS ɗin, a kan om ɗin da lasifikar take, wato nauyin da take ɗora wa amfilifaya. Lasifika mai wat 300 a om 8, a haɗa ta da mai ba da 450 zuwa 600 a om 8 a kowane gefe na amfilifayar.

Mutane kan yi mamaki, suna ganin ƙaramar amfilifaya ce ta fi aminci. Ba haka ba ne. Ƙaramar idan aka matsa mata ta kai iyakarta, sai ta fara yanke kan sautin, jar fitilar nan da aka rubuta Clip ta kama, muryar ta yi kaushi, kuma wannan gurɓataccen sauti shi ke ƙona twita, wato ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririyar murya. Twitocin da na canja a rayuwata, mafi yawansu haka suka mutu. Jar fitilar ta ɗan ƙifta jefi-jefi ba komai. Ta zauna a kunne, a rage.

Om kuma lissafinsa ba wuya. Lasifika biyu masu om 8 idan aka jona su a gefe ɗaya sun koma om 4. Uku sun koma kusan 2.7, huɗu sun koma 2. Yawancin amfilifayoyi om 4 ne iyakar jin daɗinsu. Ko an rubuta tana ɗaukar 2, ni ba na kai ta can a zafin watan Maris, a cikin ƙaramin ɗakin ladan da ba iska. Biyu a kowane gefe, shi ke nan. A tsarinmu na lasifika huɗu masu jinkiri kuwa, na gaba da na tsakiya ba za su hau gefe ɗaya ba, tunda saƙon da ke zuwa musu ya bambanta.

Ga masallacin da ke son ƙananan lasifikoki da yawa, a bene, a sashen mata, a baranda, da ƙaho a hasumiya, akwai tsarin layin bolt 100, wanda kamfanoni irin su TOA na Japan da Ahuja na Indiya suka shahara da shi. Kowace lasifika tana da ɗan taransifoma a ciki mai zaɓin wat 5, 10, 20 ko 30, duka a jera su a waya ɗaya mai tsawo. Ka tara wat ɗin da ka zaɓa, kada jimillar ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin amfilifayar. Kada kuma a jona lasifikar om 8 kai tsaye a wannan layi. Don magana tsarin yana da kyau ƙwarai, don kiɗa mai bas ba shi ne zaɓi ba.

Akwai lasifikoki masu amfilifaya a cikinsu. Ga mai yawo da kaya daga suna zuwa biki sun fi sauƙi. Ga abin da za a kafe a bango shekaru, na fi son amfilifaya tana ƙasa inda hannu zai kai gare ta, don kowace mai amfilifaya a ciki sai an ja mata wuta, kuma ranar da ta lalace sai an kafa tsani.

Waya da wuta

Wayar lasifika ta zama jan ƙarfe zalla, mai kaurin murabba'in milimita 2.5 idan nisan ya kai mita 20 zuwa 30. Siririya mai 1.5 a nisan mita 30 tana cinye wajen kashi 15 cikin 100 na ƙarfin idan nauyin om 4 ne. Akwai wadda ake yi da alminiyam a shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki ka ajiye. Iskar teku ta Akra ba ta raga wa irin wannan waya, musamman ga na kusa da gaɓa. Wayar makirufo ta zama mai baki uku, XLR, ita ce ba ta ɗaukar gurnani a nisa.

Wutar Gana bolt 230 ce, kuma soket ɗaya mai amfiya 13 iyakarsa kusan wat 3,000. A ja wa kayan sauti layinsu daban, ba tare da firiza ko famfon ruwa ba, a sa musu abin daidaita wuta, a tabbatar akwai wayar ƙasa ta gaskiya. Idan kun ji gurnani, kada wani ya ce a karya ƙafar soket ta uku. Gurnanin zai iya tafiya, amma makirufon da ke hannun liman ya zama hanyar wuta. Mun ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta, mun san yadda wuta ke dawowa da ƙarfi: da zarar an ɗauke, a kashe amfilifaya, kuma in za a koma janareta a bar shi ya daidaita tukuna. Kullum amfilifaya ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa.

A kasuwa

A Zongo Lane da kewayenta za ka samu sabo, za ka samu na hannu wanda ake ce wa hom yus, za ka kuma samu akwatin da aka manna wa sunan JBL ko Yamaha alhali cikinsa wani abu ne daban. Ana cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a ji ne ke korar gani. Ka tafi da karatun da ka sani sarai a wayarka da makirufon da za ku yi aiki da shi. Ka sa a kunna a hankali tukuna, don kowane kaya yana burgewa in an ƙure shi. Ka ja baya mita 10, ka koma gefe, ka ji ko harafin sin da shin da fa suna fita daban-daban. Na hannu kuwa, ka danna takardar babbar lasifikar da yatsu a hankali daidai tsakiya. In ka ji tana gogawa, koyil ɗin, wato naɗin wayar da ke cikinta, ya taɓa ƙonewa. Mitar awon wuta ta nuna maka om 5 zuwa 7 a kan mai om 8. Ka kai kunne bakin twita ka tabbatar tana raye. Amfilifaya a bar ta tana aiki minti 20, ka taɓa ka ji zafinta, ka ga ko fankarta na juyawa. Ka nemi rasit mai lambar kayan, da alkawarin canji a rubuce. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Ranar ɗaurawa

Ka tabbatar jar waya tana kan ja a kowace lasifika. Guda ɗaya ta juye, bas ya ɓace a tsakiyar ɗaki. Makirufo ya kasance a bayan layin lasifikokin gaba, mai magana ya kusanto shi kamar faɗin tafin hannu, wannan ke hana kukan nan mai huda kunne. A kan miksa ka yanke duk abin da ke ƙasa da hez 100 a layin magana. Maɓallin eko da mawaƙanmu ke so, a ɗakin da ke da tasa amsa-kuwwar, a rufe shi gaba ɗaya lokacin huɗuba.

Sai ka sa wani ya karanta abin da ba ka haddace ba, kai kuma ka zaga: kusurwar baya, bayan ginshiƙi, ƙarƙashin bene, sashen mata. Ka tambayi iyayenmu mata da kanka, "Hajiya, kuna ji sosai?" don su ne aka fi mantawa da su. Ka fita waje ma ka ji abin da maƙwabta ke sha. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Gana, EPA, a unguwar zama desibel 55 ce da rana, 48 da dare, kuma kowace shekara wajen Mayu zuwa Yuni, gabanin bikin Homowo, masarautar Ga kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda, a bukaci kowa ya tsare sautinsa a cikin gininsa. Saboda haka ƙahon waje ya samu nasa maɓalli daban, yadda za a iya kashe shi ba a taɓa na ciki ba.

In komai ya zauna, ka manna farin tef a gefen kowane maɓalli ka ja layi da biro daidai inda ka bar shi, ka ɗauki hoton miksar ka tura wa mutum biyu a kwamiti. Ka zauna da yaron da zai riƙa kunnawa, ka sa ya kunna ya kashe a gabanka sau uku bisa tsari, sannan ka ba shi makullin akwatin.